Saniyar Baba Seidu ta Kai Ni Ankara

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a layin mai niƙa sai da wata ta tare ni: "Dakta Rakiya, wai da gaske saniya guda ce ta kai ki wata ƙasa?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji an ce wai giwa na je dubawa. To ga shi nan daga farko, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, ni likitar dabbobi ce a Zariya, kuma a kan shanun madara na fi aiki. Shekarun baya na ƙaro wani ilimi da ba a saba da shi ba a wajenmu, wato gyaran ƙashin baya da hannu. Ba ɗori ba ne, don ba karaya ake haɗawa ba, ba kuma tausa ba ce. Wani lokaci gaɓoɓin gadon baya ko na ƙugu sukan cije su daina motsi yadda ya kamata, bayan faɗuwa ko haihuwa mai wuya, sai ka ga dabba tana ɗingishi alhali ƙafarta lafiya lau. Aikina in lalubo gaɓar da ta cije in sake ta. Har gobe akwai abokan aikina da ke tsokanata da "mai tausar shanu", ni kuma ban taɓa cewa abin yana maganin komai ba.

Goggo Asabe ƙanwar mahaifina ce. Aure ya kai ta Accra, wadda su Baba ke kira Ankara, tun ban yi wayo ba, kuma a unguwar Maamobi take zaune. Wani ɗan'uwanmu ya ɗauke ni bidiyo ina aiki a kan wata saniya, ya tura zauren danginmu na waya. Sai ga kiranta.

"Rakiya, wannan abin da na ga kina yi, yana kama saniyar Gana?"

"Goggo, ai baya duk baya ne."

"To shirya ki taho. Maƙwabcina zai kashe kansa a kan saniya."

Maƙwabcin nan sunansa Baba Seidu, tsohon direban motar haya. Da ya ajiye tuƙi sai ya zuba duk abin da ya tara a 'yan shanun madara, ya ajiye su a wani garke a bayan gari. Matarsa Mma Hawa ce ke sarrafa madarar tana sayarwa a unguwa, da ita suke ci suke sha. Babbar saniyarsu, wadda ta fi sauran madara nesa ba kusa ba, ta sha wuyar haihuwa, bayan nan kuma ta zame a kan daɓen siminti. Tun ranar take ɗingishi. Likitan can ya duba ta da kyau, ya yi allurai, ya ce shi bai ga ciwo a ƙafa ba. Madara ta ja baya, mahauta sun fara zagaya garken, 'ya'yansa suna cewa a sayar tun da sauran nama a jikinta. Shi kuwa tsohon abinci ma ya daina shiga masa.

Na ce wa Goggo ban yi alkawarin komai ba, amma zan zo in gani. Ina da hutun da ban ci ba. Maigidana ya dube ni ya ce, "Ke dai in aka ce saniya, ko a bayan teku take sai kin je." Bai san bakin tekun zan bi ba.

Kayan aikina ba su da yawa: takalmin roba, wuƙar gyaran kofato, sai hannuwana biyu. Matsalar ɗaya ce. Ni gajeruwa ce, kuma aikin yana buƙatar mutum ya kasance a saman bayan saniya. Don haka ina da wani dandamali na soso mai tauri da wani mai katifa ya yi mini, girman akwatin lefe, an lulluɓe shi da koren tamfol. Ba shi da nauyi, kuma ko saniya ta buge shi ba ya ji mata ciwo. Wannan dandamali shi ya zama abokin tafiyata, shi ya kuma jawo mini rabin abin da na gani a hanya.

Tafiyar Zariya zuwa Legas ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, duk wanda ya taɓa yin ta ya san yadda ƙugu ke ji. A Legas na shiga motar da ke bin bakin teku har Gana. Direba ya kalli dandamalin ya ce ba shi da wuri. Wata 'yar kasuwa Bayarabiya da ke kusa da ni, Iya Sikira, ta danna shi da yatsa ta ji taushi, nan take ta ce a sa mata shi a gefenta. Ta yi zaman Agege, Hausarta rangaɗau. Kafin mu fita daga gari ta jingina da shi ta yi barci, kuma tun daga nan ta ɗauke ni tamkar ƙanwarta.

A iyakar Seme aka sauke mu. Fasfo lafiya, katin rigakafi lafiya, sai wani jami'i ya hango koren abu. Ya matsa shi, ya jijjiga shi, ya kara a kunne.

"Madam, mene ne a ciki?"

"Soso ne, yallaɓai."

"Na me?"

"Hawa nake yi in gyara wa shanu baya."

Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Na ga dai magana ba za ta fisshe ni ba, sai na ciro waya na nuna musu bidiyon nan. Kafin ka ce me, jami'ai sun kewaye ni suna kallo, wani yana cewa a mayar baya ya sake ganin inda saniyar ta lumshe ido. Wanda ya tsare ni da kansa ya ɗauko dandamalin ya kai mini mota, yana ba ni labarin bijimin mahaifinsa a ƙauye.

A Kwatano Faransancina ya ƙare a gaisuwa. Iya Sikira ce ta saya mana wani dogon burodi mai ɓawo, wanda in ka gatsa sai ka ji a dasashi, an tsaga shi an cusa kifi da piya. Masu acaɓarsu duk riguna ruwan ɗorawa, kuma mata na hawa da tukunya a kai ba sa ko riƙewa. A Lome kuwa titi ne a nan, teku a nan, ba komai a tsakani sai rairayi da bishiyoyin kwakwa. Na manna fuska a gilashi kamar ba uwar 'ya'ya ba. Iya Sikira ta ce, "Ke da kike hawa kan shanu, ruwa ne ya ba ki mamaki?"

Iyakar Aflao da ƙafa ake ƙetare ta. Ina saukowa wata mata mai dako ta sure dandamalin ta ɗora a kai ta kutsa cikin jama'a. Ban yi ciniki da ita ba, ban ma ga fuskarta ba. Na bi ta da gudu ina kiran "Baiwar Allah!" koren abu yana lilo a saman kawunan mutane har ya ɓace mini. Ga layin buga hatimi dole in tsaya. Na tsaya raina a ɓace, ina tunanin yadda zan hau turmi in yi aiki. Da na fito ɓangaren Gana sai ga ta zaune a kansa a inuwa, ta miƙe ƙafafu tana cin gyaɗa. Ta ce mini da hannu da 'yar Hausa kaɗan, kujerar nan ta yi daɗi, in sayar mata. A nan muka rabu da Iya Sikira, ta cusa mini goro a jaka ta ce in gaida saniya.

Goggo na fama da gwiwa, don haka Baba Seidu ne ya zo tarbata a tasha. An ce mini dogo ne mai farar hula. Na ga wani dogo mai farar hula ya wuce ni, ya dawo, ya sake wucewa, yana leƙa fuskokin maza. Can ya ciro waya ya danna, tawa ta yi ƙara a hannuna, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ya juyo a hankali.

"Kai ne likita?"

"Ni ce, Baba."

"Hajiya Asabe ya ce likita zai zo. Bai ce mace ba ne!"

A nan na fara koyon Hausar Zango, wato ta unguwannin Hausawan Gana. Su a can ba ruwansu da "ta" da "ya", mace "ya zo", namiji "ya zo", saniya ma "ya ci ciyawa". Goggo ta daɗe a cikinsu har harshenta ya juya in tana magana da su, don haka duk tsawon lokacin nan Baba Seidu ƙaton namiji yake jira. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi hannuwana, na ga dai bai gamsu ba. Amma dattijo ne mai kunya. Ya ce, "Sannu da zuwa, Dakta. Allah ya sa albarka a ƙafan ka." Ya ɗauki dandamalin muka nufi torotoro, wato ƙananan motocin hayarsu.

Maamobi da Nima a manne suke, baƙo ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Lunguna ne matsattsu, wani in za ku yi kiciɓis sai ɗaya ya juya gefe. Ta ko'ina Hausa kake ji, amma kafin jimla ta ƙare an shiga yaren Tuwi, an leƙa Turanci, an dawo. Gidan su Goggo babban gida ne na haya, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, akwai wata basarakiyar mata da ake kira Magajiya wadda kakanta daga Katsina ya zo fatauci, kuma Hausa ce ke haɗa su duka. Goggo ta rungume ni tana kuka tana dariya, tana cewa hancin babana na ɗauko. Ta ba ni gadonta ta ce ita tabarma ta fi mata daɗi, ƙarya take yi, muka yi ta ja har muka kwana tare a gadon.

Abinci kuwa, da safe koko da ƙosai kamar gida, sai dai kokonsu yaji ne da citta har ka yi gumi. Da hantsi aka kawo mini wakye a ganye. Wake da shinkafarmu ce, sunan ma namu ne suka lanƙwasa, amma sun ɗora mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na ce wa Goggo wannan ai abincin mutum uku ne aka tara a ganye ɗaya. Na cinye tas. Dokunu ne dai, wani tuwon ƙullun masara da ake dafawa a ganye, muka yi faɗa da shi a ranar farko, tsaminsa ya sa na yamutsa fuska matan gidan suka yi ta dariya, amma kafin in taho ni ke aika a sayo.

Mma Hawa ta kawo mini abin da take sayarwa, sunansa burkina. Kamar furarmu da nono ce, sai dai geron ba a dama shi ba, 'yan ƙananan dunƙule ne a cikin nono mai sanyi, a kwalba. Na sha na yaba. Ta girgiza kai.

"Kar ka yaba, ɗiyana. Wannan rabi madaran gari ne. Masu saye sun gane, suna tafiya wurin wani."

Ta zauna kusa da ni ta rage murya. Ta ce ita ba ta ƙi saniyar ba, ita ta raine ta tun tana maraƙa. Amma in ba za ta tashi ba, in faɗa wa mijinta gaskiya, don daga bakina kaɗai zai yarda. Na yi mata alkawarin zan faɗi abin da na gani, daɗi ko ba daɗi.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa likitan baya ya sauka gidan Hajiya Asabe. Na fito alwala na tarar da tsofaffi a kan benci, kowa ya dafe ƙugu. Na yi musu bayani cewa ni masu ƙafa huɗu kaɗai nake dubawa, na mutane wani karatu ne daban, su je asibiti. Wani tsohon tela ya ce, "Dakta, in ƙafa huɗu ne sharaɗi, ni zan iya durƙusa." Tsakar gidan ta kaure da dariya. Haƙuri na ba su, suka sha shayi suka watse.

Washegari muka kama hanyar garke, ni da Baba Seidu da Mma Hawa. Torotoro biyu muka shiga, muka wuce Ashaiman, gidaje suka fara ƙarewa fili ya buɗe. Duk hanya Baba Seidu yana gyara wa direba tuƙi daga kujerar baya, yana cewa a zamaninsu ba a canza giya haka. Direban yana amsawa da "Yo, Baba," bai canza komai ba.

Makiyayin da ke kula da garken sunansa Bello, Bafulatani ne magidanci, mai ƙarancin magana. Baba Seidu ya shiga gabatar mini da shanun ɗaya bayan ɗaya: wannan Kaneshi, wannan Kasuwa, waccan Tema. Ya nuna wata babba mai dabbare-dabbare baƙi da fari, ruwa biyu ce, tana tsaye ita kaɗai a gefe. "Wannan shi ne Madina."

Na ce, "Masha Allah, sunan birnin Manzo."

Ya ce, "A'a, Dakta. Madina na nan Ankara. Layin da na fi samun fasinja."

Sai a lokacin na gane duk sunayen tashoshin da ya yi tuƙi ne.

Na ce Bello ya ja ta ta yi tafiya in gani. Bayanta a gantsare yake sama kamar baka, kanta a ƙasa, ƙafar baya ta hagu tana taku gajere, tana ɗora ta a ƙasa kamar mai taka ƙaya. Ƙugunta na hagu ya ɗan fi na dama tudu. Na fara da kofato, domin yawancin ɗingishin shanun madara daga nan yake, kuma wanda ya tsallake kofato ya hau baya ya yi aikin banza. Muka ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, na kankare, na matsa. Ba ƙurji, ba ruɓa, ba zafi. Likitan da ya riga ni ya yi gaskiya. Na laluba ko akwai karaya ko gocewar ƙashi, don in akwai su hannuna ba shi da aiki a wurin. Babu.

Sannan na ajiye dandamali a gefenta na hau. Na bi gadon bayanta da tafin hannu tun daga kafaɗa, gaɓa bayan gaɓa, ina dannawa a hankali ina jin yadda kowace ke amsawa. Lafiyayyar gaɓa tana ɗan lotsawa ta dawo. Da na iso bayan haƙarƙari sai na ji wasu sun yi tauri, fatar wurin tana karkarwa. Da na kai inda ƙashin ƙugu ya haɗu da gadon baya ta hagu, sai na ji kamar na danna dutse. Madina ta kaɗa wutsiya ta juyo ta harare ni.

"A nan ne," na ce.

Baba Seidu ya matso. "Zai ji zafi?"

"Kaɗan, Baba, kuma ba zai daɗe ba. Riƙe mata kai ka yi mata magana."

Ya rungume kanta yana yi mata raɗa da wani yare da ban sani ba. Na daidaita hannuwana, ɗaya a kan ɗaya, na jira ta saki numfashi. Abin ba ƙarfi ba ne, mutum ba ya fin saniya ƙarfi. Saiti ne da sauri, turi ɗaya gajere. Na yi. Ta zabura kaɗan, ta tsaya cik. Can sai ta sauke wani dogon numfashi, ta fara lasar baki, kunnuwanta suka saki. Na gyara sauran gaɓoɓin. Kafin in sauko ta fara tuƙa, sannan ta ɗaga wutsiya ta sakar mini kashi a kan takalmi. Bello, wanda tun zuwanmu bai yi dogon zance ba, ya ce, "Ta gode."

Da aka sake jan ta, takun ya ɗan ƙaru, bayan ya ɗan sauka, amma ɗingishin yana nan. Na ga Mma Hawa ta kalli ƙasa. Na ce musu jiki ya daɗe a karkace, naman wurin sai ya koyi zama daidai, ba abin yini ɗaya ba ne. A ɗauke ta daga siminti a mayar da ita kan ƙasa mai taushi, a dinga zagayawa da ita a hankali safe da yamma, kuma a zuba yashi a inda ta zame.

Baba Seidu ya ce tunda na zo in danna wa Kaneshi ma, ita ma tana ɗan ɗingishi. Na ɗaga ƙafarta, wari ya buge ni. Ƙurji ne a cikin kofato. Na ce wannan ba ta baya ba ce, ko na kwana ina dannawa ba abin da zai canza. Na fafe wurin da wuƙa, ruwan ciwon ya fita, na wanke na ɗaure, na ce a kira likitansu ya ci gaba da ita. Tsohon ya ɗan ji haushi, shi ya so ya sake ganina a kan dandamali.

Kwanakin da suka biyo baya ni da Goggo muka ci su. Ranar Laraba ta ja ni kasuwar Nima duk da gwiwarta, inda buhunan gero da wake da albasa suka cika titi har mota ba ta wucewa, kuma duk wanda ya ji Hausata sai ya ce, "Ɗan Najeriya ne!" Ta kai ni gaisuwa unguwar Niyu Tawun wurin wata ƙawarta, muka biya Alajo gidan suna. A can na ga mata sun yi anko sun kewaye mai jego da rawa da rana tsaka, an tare lungu gaba ɗaya da rumfa, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Samarin da ke shan shayi a bakin lungunmu kullum in na wuce sai su ce, "Dakta, yaya mara lafiya?" Unguwa gaba ɗaya ta san Madina.

Na koma garken na sake yi mata aiki. A wannan karon da ta hango koren dandamali ita da kanta ta matso ta tsaya. Bello ya ce ta fara kwanciya ta tashi ba tare da an taimaka mata ba, kuma tana cinye dusarta. A hanyar dawowa Mma Hawa ta tambaye ni a hankali, "To, ɗiyana, me zan ce ma yara?" Na ce ta ce musu su dakata, ina ganin alheri, amma ban gama tabbata ba. Gaskiyar ke nan, don na sha ganin saniya ta yi sauƙi ta koma.

Zuwana na ƙarshe da sassafe muka je, don in ga tatsa. Na duba bayan, gaɓoɓin suna amsawa, ƙugu ya daidaita, abin da na gyara ɗan kaɗan ne. Bello ya saki maraƙin ya ɗan tsotsa, ya janye shi, ya tsuguna. Hantsar ta cika fiye da yadda na fara ganinta. Baba Seidu ya kasa haƙuri. Yana sanye da farar riga sabuwa dal, don daga nan ɗaurin aure za shi, amma ya ce a ba shi bokitin shi zai riƙe. Ya tsuguna ta damanta yana kallon madara tana zuba, kumfa na tasowa, yana ta "Alhamdulillahi." Bokiti ya kusa cika.

Ban san ko ƙuda ne ya cije ta ba, ko surutunsa ne ya ishe ta. Sai kawai Madina ta ɗaga ƙafar dama ta yi harbi. Bokiti ya yi sama, Baba Seidu ya yi zaman dirshan a ƙasa, madara ta wanke shi tun daga hula har gwiwa. Mma Hawa ta yi salati. Na ruga in ga ko ya ji ciwo.

Yana zaune a cikin taɓo, madara na ɗiga daga gemunsa, ya ɗago ya dube ni idonsa a buɗe.

"Dakta! Da wane ƙafa ya tsaya?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Don ta yi harbi da dama, dole ta ɗora nauyin bayanta duka a kan hagu, ƙafar da kwanakin baya ko taka ta ba ta son yi. Ga ta nan tsaye a kanta daram, tana tuƙa kamar ba ita ba.

"Da hagu, Baba."

Ya fashe da dariya har da hawaye. Mma Hawa ta rangaɗa guɗa a tsakiyar garke, shanu suka firgita. Ta dubi madarar da ta malale a ƙasa, ta ce yau ko digo ba ta samu ba, kuma ba ta taɓa jin daɗin asara irin ta yau ba. Bello ya saki Madina, ta bi sauran shanu zuwa kiwo, bayanta a miƙe, tana taku ɗaya da su.

Kofaton ya bar shaida a gaban rigar, zanen taɓo sak siffarsa. Mma Hawa ta ce ya cire ta ɗauraye masa kafin mu shiga mota, ya ƙi. Haka ya shiga torotoro yana ƙamshin madara, ya ba fasinjoji labari tun daga haihuwar har harbin, da Hausa, da Tuwi, da Ga, kowa da yaren da yake ji. Ya manta da direba sam. Da muka sauka a Maamobi ya tsaya a bakin lungu ya baje rigar wa samarin shayi. "Ku duba nan! Da dama ya harbe ni, yana tsaye kan hagu!" Suka tashi suna tafi kamar an ci ƙwallo. Da rigar ya je ɗaurin auren.

Na bar musu bayanin yadda za su ci gaba da kula da ita, na kuma yi magana da likitansu ta waya, mutumin kirki, ya yi mini tambayoyi masu yawa a kan inda na sa hannu. Ranar tafiyata rabin gidan suka rako ni tasha. Mma Hawa ta haɗo ni da soyayyen wagashi, cukun da take yi, ta ce wannan na madarar Madina ne zalla. Ban kai Lome da shi ba, ni da maƙwabtan kujerata muka gama da shi.

Bayan na iso gida na huta, na kira Goggo in ce mata na sauka lafiya. Ta ce Madina na nan garau, masu sayen burkina sun dawo har ana layi, mahauta kuma sun daina zuwa. Sai ta ce amma akwai rigima a gidan Baba Seidu. Na tambaye ta lafiya?

"Rigar nan ce. Ya rataye ta a ƙusa a falo, ya hana a wanke. Mma Hawa ta ce ɗakin duk ya ɗauki tsami, shi kuma ya ce duk wanda ya taɓa ta sai sun je gaban Sarkin Zango."